Ƙoshin Iyaye, Yunwar 'Ya'ya: Rainon Ƙananan Tsuntsaye a Birni

 

Maganata ta yau a kan ƙananan tsuntsaye ce masu waƙa, dangin su gwara da kanari da marai, da irin abin da zaman birni ke yi wa abincin da suke sa wa 'ya'yansu a baki. Wanda ya dubi birni da ido zai ce ai tsuntsu ya samu duniya. Ga tsaba a bakin injin niƙa, ga ragowar shinkafa a bola, ga ruwa a gindin famfo rani da damina. Kuma haka ne, babban tsuntsu yakan ƙoshi a birni. Amma idan aka leƙa cikin sheƙa, sai a tarar da wani labari dabam. A shekarar 2009 Dan Chamberlain da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, suka jera tsuntsayen birni da 'yan'uwansu na daji. Abin da ya yi ta maimaita kansa shi ne, na birni sukan riga na daji yin ƙwai, amma ƙwan bai kai na daji yawa ba, 'ya'yan ba su kai na daji nauyi ba, waɗanda ke rayuwa har su tashi ma ba su kai ba. Dalilin haka nake so mu bi sawunsa tare.

Mu fara da ɗan tsuntsun kansa. Ɗan kaza yana fitowa daga ƙwai da gashinsa, ido buɗe, kafin yamma yana bin uwarsa yana tsince-tsince. Ɗan gwara kuwa tsirara yake fitowa, ido rufe, kai ya fi ƙarfin wuya, ba abin da ya iya sai buɗe baki. Cikin mako biyu zuwa uku dole ya gina ƙashi da tsoka da fiffike, ya bar sheƙa. Wannan gini ba ya yiwuwa da hatsi. Sai da furotin mai yawa, cikin abinci mai laushi, mai ruwa a jikinsa, domin ɗan sheƙa ba ya zuwa shan ruwa. Ruwan da ke cikin abincin shi ne ruwansa. Saboda haka ne hatta tsuntsayen da muka sani da cin tsaba suke komawa farautar ƙwari da zarar sun ƙyanƙyashe. Ko jan-baki, wanda manoman gero da dawa suka fi kowa sanin ɓarnarsa, da fara da tsutsa yake haɗawa wajen ciyar da 'ya'yansa.

Duk mai shakka ya samu lokaci da damina ya zauna kusa da inda gwara ta yi sheƙa a ƙarƙashin kwanon rufi. Za ka ga uwar ta sauka kan katanga da wani abu kore a baki. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta faɗa ramin. Nan take sai kukan 'ya'yan ya tashi gaba ɗaya, sannan ya lafa. Ba ta daɗewa. Sau da yawa takan fito da wani farin ƙunshi a baki, kashin ɗan ne a naɗe cikin 'yar jaka, ta kai shi nesa ta yar don kada ya ɓata sheƙa. Kafin ka kau da kai uban ya iso da nasa. Haka za su yi ta yi daga hudowar rana har faɗuwarta.

Tattabara da kurciya su Allah Ya hutar da su wannan wahala. Uwa da uba duka suna samar da wani abu mai kauri a jakar wuyansu, mai furotin da maiƙo, shi suke ɗura wa 'ya'yansu a kwanakin farko. Muddin akwai tsaba, 'ya'yansu sun samu abinci. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa tattabara ta cika biranen duniya, yayin da ƙananan masu waƙa ke ta fama.

Mafi yawan abin da aka sani a wannan fanni daga Turai ya fito, kuma daga tsuntsu guda, wanda masana ke kira Parus major. Zan riƙa ce masa farus. Ɗan ƙarami ne, bai cika wuce giram 20 ba, kansa baƙi, kumatunsa farare, ƙirjinsa ruwan ɗorawa da baƙin layi a tsakiya. Masu bincike suna sonsa saboda yana yarda ya yi sheƙa a cikin akwatin katako da aka rataya masa a itace, a daji ko a tsakiyar gari, don haka ana iya buɗewa a ƙirga ƙwai a auna 'ya'ya. A dajin Wytham kusa da Oxford a Ingila, David Lack ya fara bin rayuwar wannan tsuntsu a 1947, kuma har yau aikin bai tsaya ba.

A daji, rayuwar farus a ɗaure take da tsutsa. A watan Afrilu da Mayu, idan itatuwa suka fara toho bayan hunturu, ƙwayayen ƙwari dangin malam-buɗe-littafi, musamman masu tashi da dare, sai su ƙyanƙyashe, tsutsarsu ta rufe sabon ganye. Yalwar ba ta daɗewa, 'yan makonni ne, tsutsar ta sauka ƙasa ta shige. Farus takan daidaita lokacin ƙwanta yadda 'ya'yan za su fi buƙatar abinci daidai lokacin da tsutsa ta fi yawa. Takan yi ƙwai takwas, goma, wani lokaci fiye. Ɗan da ya fito da nauyin giram ɗaya da 'yan kai, cikin mako biyu ya ninka nauyinsa fiye da sau goma. Iyayen kan yi sawu ɗaruruwa a yini guda.

To, yaya ake sanin yawan tsutsar da ke kan itace, alhali ba mai iya hawa ya ƙirga? Dabarar mai sauƙi ce. Tsutsa tana ci tana kashi, kashin yana zubowa ƙasa ƙwaya-ƙwaya, baƙi-baƙi. A dajin da ta yi yawa har ana jin saukarsa a kan busassun ganye. Sai a shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashin itace, a tattara abin da ya zubo, a busar, a tsince tarkace, a auna a ma'auni. Daga nauyin kashin ake lissafa nauyin tsutsar. Gábor Seress da András Liker na jami'ar Pannonia a ƙasar Hungari sun yi shekara huɗu suna wannan aiki a birane biyu, Veszprém da Balatonfüred, da dazuzzuka biyu da ke kusa da su, suka buga sakamakon a 2018. A lokacin da 'ya'yan farus ke cikin sheƙa, tsutsar daji ta ninka ta birni tsakanin sau 8.5 zuwa sau 24, gwargwadon shekara. A daji yalwar takan zo gaba ɗaya, ta yi tudu babba. A birni kuwa sai ɗan nan, ɗan can, babu lokacin da za a ce ga kaka ta yi.

Abin da ya fi taɓa ni a cikin binciken nan shi ne abin da iyayen ke yi da wannan rashi. Csenge Sinkovics, daga wannan ƙungiya ta Hungari, ta sa kyamara a bakin akwatunan, ta zauna ta kalli bidiyon, ta rubuta duk abin da aka shigo da shi da girmansa. Sakamakon ya fito a 2021. Iyayen birni sun fi na daji yawan sawu a kan kowane ɗa. Abin da suke kawowa ne ƙanana, kuma tsutsa ba ta da yawa a ciki. Sai wasu ƙwari, da abubuwan da ba ƙwari ba ma sam. Idan aka tara girman abincin duka, ɗan birni yana samun kusan abin da ɗan daji ke samu. Cikinsa a cike yake, amma ga shi a rame. Duk wanda ya taɓa ganin yaro mai tamowa, wanda ake cika wa ciki da koko safe da yamma amma jiki ya ƙi ginuwa, ya san abin da nake nufi.

A Glasgow ta ƙasar Sikotilan an ga irin haka ga ɗan'uwan farus mai shuɗin kai. An gwada na wani lambun shaƙatawa a tsakiyar birnin, Kelvingrove, da na daji a gaɓar tafkin Lomond. Crinan Jarrett da abokan aikinta sun liƙa wa iyayen 'yan ƙananan na'urori don a san inda suke zuwa, suka kuma binciki kashin 'ya'yan don a gane ainihin abin da suka ci. A 2020 suka bayyana cewa iyayen birni sun fi yin nisa wajen neman abinci, kuma duk da haka tsutsar da 'ya'yansu ke samu ba ta kai ta na daji ba. Ba wanda zai ce waɗannan iyaye sun yi ƙyuya. Sun fi kowa wahala, abin nema ne babu.

Mai ilimi zai iya ɗaga hannu ya ce, malam, birni ai ba rashin tsutsa kaɗai ke cikinsa ba. Akwai hayaƙi, akwai ƙara, akwai zafi, akwai kyanwa. Ta yaya aka san abinci ne? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta sai da gwaji. Seress da mutanensa suka raba sheƙuna kashi huɗu: na birni da ake taimaka wa da abinci, na birni da aka bari haka nan, sannan na daji su ma kashi biyu. Abincin wata tsutsa ce da ake kiwo, suka inganta ta, suna zuba ta a ɗan mazubi a jikin akwati kullum har 'ya'yan suka kusa tashi. A daji ƙarin bai canza wani abin kirki ba, don dama can a ƙoshe suke. A birni kuwa 'ya'yan da aka taimaka wa sun fi sauran nauyi da kashi 15 cikin 100, sun kusa kamo na daji, kuma da yawa daga cikinsu sun rayu. Hayaƙin yana nan, ƙarar tana nan, abu ɗaya aka canza. An buga wannan a 2020, kuma a ganina shi ne hujja mafi ƙarfi da muke da ita.

Tsutsa ba furotin kawai take bayarwa ba. Daga ganyen da ta ci take tara wani sinadari, karotinoyid, wanda shi ke ba ƙirjin farus launin ɗorawa, kuma yana da amfani ga garkuwar jiki. An sha lura cewa ƙirjin farus na birni ya fi na daji kodewa. A Malmö ta ƙasar Suwidin an yi musayar 'ya'ya tsakanin sheƙunan birni da na daji tun suna 'yan kwanaki, sai aka ga duk wanda aka raina a birni, ko daga ina ya fito, ƙwayoyin jikinsa sun nuna alamar saurin tsufa. Wurin raino ne ya yi tasiri, asalin iyaye bai cece shi ba.

Yanzu ga babbar tambaya: ina tsutsar ta tafi? Biranen Turai da nake ba ku labari ai kore shar suke, cike da itatuwa. Amsar tana ga irin itacen. Ganye ba ya son a ci shi, kowane itace yana da nasa ɗaci ko guba da yake kare kansa da shi. Yawancin tsutsotsi sun saba ne da 'yan itatuwa kaɗan, waɗanda kakanninsu suka yi dubban shekaru suna ci har jikinsu ya iya da gubar. Ka kawo itace daga wata nahiya, ƙwarin gida ba su san shi ba, ba za su yi ƙwai a kansa ba. Tun 1961 Richard Southwood ya ƙirga ire-iren ƙwarin da ke rayuwa a kan itatuwan Birtaniya. A kan itacen ok, ɗan asalin ƙasar, ya samu iri 284. A kan wani itacen ado da aka shigo da shi daga yankin Balkan kimanin shekara 400 da suka wuce, iri 4 kacal. Mai tsara gari kuma irin wannan na biyun yake so: ganyensa sumul, babu huda, babu abin da ke zubowa kan mota. Ganyen da ba a huda ba kuwa, ga uwar tsuntsu, alama ce ta babu.

A birnin Washington na Amurka, Desirée Narango da Douglas Tallamy da Peter Marra sun bi gidajen mutane suna auna tsirran da ke farfajiya, suna kuma bin sheƙunan cikadi, wani dangin farus na can. A 2018 suka nuna cewa inda baƙin tsirrai suka haura kashi 30 cikin 100 na abin da aka shuka, 'ya'yan da tsuntsun ke fitarwa ba sa isa su maye gurbin waɗanda ke mutuwa. Unguwa tana iya zama da tsuntsaye kullum, alhali daga wani wuri suke ta zuwa suna cike giɓi.

Sai hasken lantarki. Ƙwarin da ke haifar da tsutsar yawanci da dare suke tashi, suna neman juna, suna saka ƙwai. Fitila tana ruɗa su, su kwana suna zagaya ta har su gaji ko a cinye su. Douglas Boyes ya ƙirga tsutsa a bakin hanyoyi a kudancin Ingila, ya buga a 2021: a shingen itatuwa da ke ƙarƙashin fitilar titi, tsutsa ta ragu da kashi 47 cikin 100 idan aka gwada da wuri mai duhu kusa da shi, kuma farar fitilar zamani ta fi tsohuwar mai ruwan lemo ɓarna. Irin farar fitilar nan ce muke ta kafawa a tituna da sola. Ba na cewa a zauna cikin duhu, tsaro ma buƙata ce. Amma fitilar da ta sunkuya ta haska hanya kawai ta fi wadda ke watsa haske cikin rassan itace.

Ƙara ita ma tana da nata. A tsibirin Lundy na Ingila akwai gwara da ke sheƙa a wani rumbu kusa da manyan injinan janareta. Julia Schroeder ta nuna a 2012 cewa iyaye mata a wurin ba sa kai abinci akai-akai kamar na wurare masu shiru, 'ya'yansu kuma sun fi rama. Bayanin da ta bayar shi ne, kukan ɗa ne ke gaya wa uwa yawan yunwarsa, ƙarar inji kuma tana danne kukan. Lundy ba birni ba ne, amma janareta mu muka fi mutanen can saninsa.

Kada in bar ku da zaton cewa a zuba wa tsuntsu tsutsa shi ke nan an gama. A Landan, inda gwarar gida ta ragu ƙwarai tun wajajen 1990, Will Peach da abokan aikinsa sun yi shekaru suna ba da tsutsar kiwo a unguwanni. 'Ya'yan da ke tashi sun ƙaru sosai, amma yawan gwara a unguwannin bai ƙaru yadda aka sa rai ba. Ɗan da ya bar sheƙa akwai sauran gwagwarmaya a gabansa. Kuma dama ba mai iya bin gari sheƙa-sheƙa da mazubi. Gwajin ya nuna mana inda ciwon yake ne, maganin yana ga abin da ake shukawa.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Ku tuna itacen da ya fi yawa a titunan Maiduguri da Kano da Katsina da Maraɗi: darbejiya, dogon yaro. Daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawan mulkin mallaka. Ba zan ci amanarta ba. Ta ba mu inuwa inda wasu itatuwan suka gaza, tana jure fari, tana saurin girma, tsuntsaye da jemagu suna shan 'ya'yanta. Amma kowa a zauren nan ya san abin da ya sa manomi ke sa ganyenta a cikin hatsi ko wake: ƙwaro ba ya son ta. Leo Zwarts da Rob Bijlsma da Jan van der Kamp, masana daga ƙasar Holan, sun yi shekaru suna bin yankin Sahel da rani, itace bayan itace, suna ƙirga tsuntsaye masu cin ƙwari da ke kai. Sun tarar tsuntsayen sun fi taruwa a kan itatuwa masu ƙaya na gida, irin su gawo da aduwa da dangin bagaruwa, yayin da darbejiya da turare ba su cika jan su ba. Ƙirgar rani ce wannan, ta tsuntsaye masu kiwo, amma hanyar da take nunawa ɗaya ce da ta Hungari da Washington.

Ƙara da abin da muke yi wa tsakar gida yanzu. An sare tsamiyar da kaka ta bari, an malale ƙasa da siminti ko intalok daga ƙofa har bayan gida, an jera dogon itacen adon nan mai sunkuyayyen ganye a jikin katanga, shi ma baƙo ne daga Indiya. Ciyawar da fara ke zama a ciki an fesa mata magani. Da magariba a bi kwana-kwana da fiya-fiya. Sauro dole a yaƙe shi, zazzaɓinsa yana kashe mana yara, ba na jayayya da wannan. Sai dai gidan sauro da kwashe kwatami suna maganin sauro ba tare da sun shafe duk wani ƙwaro da ke unguwa ba. Kuma idan za a dasa itace goma a makaranta ko masallaci ko sabon titi, me zai hana biyar su zama tsamiya, maɗaci, marke, bagaruwa, cediya? Jinkirin girmansu gaskiya ne. A dasa su tare da darbejiyar, ita ta ba da inuwar yau kafin su taso.

Ga ɗalibanmu na kimiyyar halittu kuma, wannan fage ne a buɗe, kuma kayan aikinsa ba su fi ƙarfinku ba. Ƙyalle ne, da ma'auni mai auna ƙasa da giram, da waya mai kyamara. Ku zaɓi darbejiya goma da tsamiya ko bagaruwa goma a gari ɗaya, ku shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashinsu kowane mako daga saukar ruwa zuwa kaka, ku auna abin da ya zubo. Ku tuna gawo da damina yake zubar da ganye, don haka nasa awon da rani za a yi. Ku kafa waya nesa kaɗan da sheƙar gwara a cikin gari, wata kuma a ƙauye, awa guda kowace safiya, ba tare da kun taɓa sheƙar ba, ku ƙirga sawu, ku rubuta abin da ke bakin uwa. Wanda ya so ya zurfafa, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a Laminga kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001 ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana horar da ɗalibai a digiri na biyu a kan irin wannan aiki.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.